Kirikirin Malam

Asabar, 17 ga Fabrairu, 2024

Jiya aka naɗe tabarmar ƙarshe. Kwana takwas da rasuwar Malam, sai yau na ga tsakar gidana babu ƙafar kowa.

Na zaga na duba ɓarnar. Inda aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki, ciyawar ta yi ɗorawa kamar an kwara mata ruwan zafi. Wajen bangon gabas akwai baƙin tabo uku, nan matan unguwa suka kafa murhu suka dafa abincin sadaka. A kan ciyawar! Ga madafa da rufinta taku goma, wai ta yi musu kaɗan.

Shekara goma sha ɗaya Malam yana hana ko kaza taka wurin nan. An yi kwana bakwai ana tattake shi da sunan yi masa addu'a.

Ni ba son ciyawar nake ba, bari in rubuta wannan tun yanzu. Ranar da ya shigo da ita a buhu daga bakin ruwan Tiga na ce masa, kai malamin gona guda, ka ƙare aikinka kana koya wa manoma kashe kirikiri, ka zo ka dasa ta a gidanka? Ya ce a ƙasashen da nake koyar da tarihinsu har gasa ake yi da ita. Na ce su ruwa ke nemansu, mu kuwa mu ke neman ruwa. Ya yi dariya ya ci gaba da dashensa. Duk Asabar in ya gama yanka sai ya ce, "Tani, zo ki taka ki ji." Ni kuma in ce ba a banza aka yi takalmi ba.

Ya tafi ya bar injin yankan a wargaje gefen rijiya, ƙarƙashin tamfol. Wai zai wasa wuƙaƙen ranar Asabar. Mutum ya kwance abu ranar Alhamis ya mutu ranar Juma'a. Wannan ban yafe ba tukuna.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Luba, matar Yaya Sha'aibu wan Malam, ta kawo mini 'yar wuƙa a kube. Wai mai takaba ba ta zama hannu sake. Na ce a wane littafi? Ta ce, "Ke dai riƙe, Malama, mu haka muka tarar." Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa kayar da "haka muka tarar" ba.

Na karɓa. Bakinta ya dace da tonon jiji, muguwar ciyawar nan mai 'ya'ya a ƙasa kamar aya, da ke kutsowa cikin ta Malam. Na cire sittin da ɗaya kafin la'asar.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Zazzaɓi.

Asabar, 24 ga Fabrairu



Kwana uku ina kwance a ƙuryar ɗaki. Jiya da hantsi na ji sara da dariyar mata sama-sama, na ɗauka mafarki ne. Yau na fito zan yi alwala.

Babu ciyawa. Jar ƙasa daga ƙofar zaure har bakin madafa, an share tas, har da zanen tsintsiya.

Luba ce ta tara matan unguwa su bakwai da fartanyoyinsu suka yi mini gayya. Ta shigo tana murmushi, tana jiran godiya. Ta ce tun ranar rasuwa abin ke damunsu, baƙi daga Kiru da Doguwa suna shigowa suna ganin ciyawa a tsakar gida kamar kufai. Da ran mai gida ba su da ta cewa, amma yanzu ba za a ce sun bar marainiyar Allah cikin sabara ba. Kwando goma sha huɗu suka kwashe, suka zuba a jujinta na bayan gida inda ruwan wanke-wankenta ke kwanciya. "Bayanmu har yanzu ciwo yake," in ji ta.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Sannunku da aiki." Tarbiyya mugun ciwo ce.

Da ta fita na jefa buta ta bugi bango ta fashe.

Abin da ya tsira: wanda ke ƙarƙashin tamfol, gefen rijiya. Sun ji tsoron taɓa kayan mamaci. Faɗin dardumar salla ɗaya, ya yi fari saboda rashin rana, amma da ransa. Na ja injin da tamfol ɗinsa gefe don wurin ya sha rana.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Yaya Sha'aibu ya zo. Ya tsaya bakin zaure, ni ina bakin ƙofata da mayafi. Ya ƙarin haƙuri, da godiya, ya jiki, da sauƙi. Sannan ya kawo abin da ya kawo shi.

Tunda mata sun rage aiki, zai sa a zuba siminti a tsakar gidan gaba ɗaya. Mace ita kaɗai ba ta iya ɗawainiyar ciyawa, ga macizai da damina, ga jikoki. In kaka ta yi kuma a samu wurin shanya shinkafa. Ba zai sa magina su shigo mini ina takaba ba, amma ina fita za a fara. Ya yi lissafi, fitata ta faɗo jajiberin Babbar Salla.

Shekara talatin da biyu ina gidan nan ban taɓa musa masa ba. Na ce, "Yaya, ciyawar ba ta mutu ba."

Ya kalli 'yar dardumar nan gefen rijiya. Ya ce, "Malama Tani, wannan ko tunkiya ba za ta yi buɗa-baki da ita ba."

Na ce in ta rufe tsakar gidan kafin in fita fa?

Ya yi 'yar dariya, irin ta Malam sak, abin da ya ƙara ɓata mini rai. Ya ce, "In ta rufe, na janye. Allah ne shaida."

To. Sha biyar ga Yuni. Kwana ɗari da goma.

Ba don ciyawar ba. Don kada a ce an yanke hukunci a kan tsakar gidana ina tsaye a ciki.

Lahadi, 3 ga Maris

An juye yashi a ƙofar gida, an jera buhunan siminti goma sha biyu a zaure. Ya ce gara a saya kafin ya ƙara tsada. Duk wanda zai shigo gaishe ni sai ya raɓa su.

Fa'iza ta kira daga Kiru. 'Yata ta cikina. "Umma, gaskiyar Baffa ce, ke fa da bakinki kike cewa ciyawar nan asarar ruwa ce." Na ce ni na faɗa, ni ke da ikon faɗa. Ɗana Mujitaba daga Legas: "Duk yadda Baffa ya ce." Wannan tun yana yaro duk yadda wani ya ce.

Alhamis, 7 ga Maris

Na samo littafin Malam na kula da ciyawa, na Turanci, bango ya fita. Rabinsa a kan yadda za ka kare ta daga ƙanƙara. Na gode.

Amma ya yi rubutu da fensir a gefe-gefe. "Kirikiri: kowace gaɓa saiwa ce." "Ban-ruwa da asuba, ba da rana ba." "Kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku." A shafi na arba'in: "T. ta ce asarar ruwa. A rage zuwa guga shida." Ban san ya rage ba.

Na sassaƙa ƙasar da fartanya, na ɗaura igiya a turaku na ja layi. Na yanko jijiyoyi daga dardumar da wuƙar Luba, na dasa su tazarar taƙi ɗaya-ɗaya kewaye da uwar. Ɗari da ashirin. Gwiwata ta hagu ta kumbura.

Talata, 12 ga Maris

Azumi na biyu. Guga shida bayan sallar asuba, guga huɗu kafin magariba. Ina ɗauke da ruwa da bakina a bushe ina shayar da ciyawa. In ɗalibaina suka gan ni.

Talata, 19 ga Maris

Sadakar arba'in. Na jera kujeru shida a kife kewaye da dashen, na zauna kusa da wuƙata a cinya. Wata ta nufo da duwatsun murhu, na dube ta kawai. Ta juya madafa.

Na ji ana raɗa wai mutuwar ta taɓa ni. Wata tsohuwa ta ce a nema mini rubutu. Da a ce sun san nawa na karanta.

Cikin ɗari da ashirin, tamanin da bakwai sun kama.

Laraba, 27 ga Maris

Inna mai nono ta zo daga rugarsu ta wajen Burumburum, karo na farko tun rasuwar. Ta sauke ƙwarya ta yi kuka sosai, ta ce shi kaɗai ne a garin nan yake tambayarta lafiyar shanu da sunayensu. Sannan ta durƙusa ta shafa ciyawar, ta ce yunwa take ji. Za ta kawo mini busasshen kashin shanu, a marmashe a barbaɗa, Malam ma wurinta yake karɓa duk bazara.

Na ce ina da littafi. Ta ce, "Too, boɗɗum," wai "da kyau" da Fulatanci, ta ɗauki ƙwaryarta. Ban ji daɗin yadda ta faɗe shi ba.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Rijiya ta ja baya, na ƙara igiya gaba biyu. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwano duk a baho nake tarawa yanzu.

Na auna: faɗin tabarma uku. Tsakar gidan tabarma arba'in ce ko fiye. Na yi lissafin a bayan littafin Malam sau biyu. A wannan tafiyar sai baɗi.

Laraba, 10 ga Afrilu

Salla. Ba kwalli, ba turare, ba shi. Luba ta aiko da tuwo da miyar taushe, ta yi gishiri daidai, abin haushi.

Talata, 16 ga Afrilu

Na sami rabin buhun takin zamani a ɗakin ajiya, farin nan mai kama da sukari. Littafin ya ce yana sa ciyawa gudu. Ya ba da awo da ma'aunin da ba mu da shi a Tudun Wada, na ƙiyasta da gwangwanin madara. Sai na ga kwana sittin suka rage, na ninka. Sai na tuna dariyar Yaya Sha'aibu, na ƙara.

Na barbaɗa da hantsi. Ruwan rijiyar bai taru ba, na ce na shayar da yamma.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Bakin ganyen ya yi ja.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ta ƙone. Duka, har uwar. In ka taɓa sai ta marmashe kamar tsohuwar tabarma. Na tona da wuƙa ina neman farar jijiya ko ɗaya, babu.

A shafi na sittin da biyu, da fensir, an ja layi biyu a ƙasa: "Farin taki: sai ƙasa na da danshi, kuma kaɗan. Yana ƙuna." Na tsaya a shafi na sittin da ɗaya.

Mata bakwai da fartanya ba su kashe ta ba. Murhu uku bai kashe ta ba. Sai mai ilimin gidan.

Luba ta shigo ta gani ta ce, "Wayyo, rana ce, bana zafin ya yi yawa." Na ce e, rana ce.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Ban fita tsakar gida ba sai don alwala. Ina jin jakuna ta bayan katanga tun safe, Yaya Sha'aibu na kwashe jujin gidansa zuwa gona kafin ruwa ya sauka. Kowa na shirin shuka.

Ba ni da inda zan samo wani irin. Tiga ba nisa, amma ni ba fita, kuma wa zan aika ya ce Malama na neman kirikiri? A ɗaure ni a kai ni asibiti.

Talata, 30 ga Afrilu

Na ɗaga tamfol na kwashe injin zuwa inuwa. Ba mai shan mai ba ne, na turawa ne, wuƙaƙe biyar a murɗe da ƙafa biyu, ya saye shi a wurin 'yan gwanjo a Kano tun kafin auren Fa'iza. Ya jera kusoshin a murfin kwano bisa tsari, manya a dama. Na ba Luba wuƙaƙen ta kai wa Badamasi maƙeri ya wasa. Ta dube ni, ta dubi jar ƙasar, ta karɓa ta tafi. Na ba ta lada ɗaya a nan.

Ba don zan yanki wani abu ba. Ba na son abu a wargaje ne.

Asabar, 4 ga Mayu

Na haɗa shi. Kwana uku. Ƙusa ɗaya ta yi saura, na juya injin ta ko'ina ban ga gurbinta ba. Yana tafiya, yana ƙara irin tasa, ƙar-ƙar-ƙar. Na tura shi sau ɗaya a kan ƙasa na daina. Ban shirya jin wannan ƙarar ba.

Litinin, 6 ga Mayu

Ruwan farko, da la'asar, mai ƙarfi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon tsakar gida tana zama taɓo.

Lahadi, 12 ga Mayu

Abin da ya tsiro: jiji, ƙarangiya, da wata masara ɗaya da ban san wanda ya gayyace ta ba. Gefen rijiya ko ɗigon kore.

Yaya Sha'aibu ya aiko a tambaya ko magina su zo su auna tun yanzu. Na ce takabata ba ta ƙare ba, in yana gaggawa ya kai ƙara wurin wanda ya ajiye wata huɗu da kwana goma.

Lahadi, 19 ga Mayu

Luba ta shigo da rana tsaka, mayafi a karkace, ta zauna a kan turmi. Na ɗauka wani ya mutu. Sai na ga dariya take dannewa.

Gonar Yaya Sha'aibu ta hanyar Burumburum, wadda ya kai wa taki. Ya je duba masara, ya tarar duk inda jaki ya sauke mangala kirikiri ta fito, kore shar, tana miƙa hannu ta ko'ina. Kwando goma sha huɗun nan. Wata biyu suna kwance cikin juji suna shan ruwan wanke-wanken Luba, sannan ya ɗauke su da kuɗinsa da jakunansa ya rarraba a gonarsa, ya bi da garma ya daddatsa ya binne. Gonar da ya yi shekara ashirin yana tsarkakewa.

"Tun jiya bai ci tuwo ba," in ji Luba. "Ya ce ni na kashe shi. Na ce wa ya ce a kai juji gona ba a duba ba?"

Na yi dariya har na riƙe ciki. Rabona da dariya tun Fabrairu. Luba ma ta saki tata, muka yi ta yi kamar yara, ni da matar da na yi wata uku ina tsine wa fartanyarta a zuci.

Da ta tashi tafiya na ce, me zai yi da ita in ya nome? Ta ce tarawa zai yi ya ƙone. Na ce to.

Ban roƙa ba. Ba zan roƙa ba.

Talata, 21 ga Mayu

Da hantsi na ji sallama a zaure. Yaya Sha'aibu, rigarsa duk ƙasa, bayansa amalanke da buhu tara. Ya sauke su da kansa, ɗaya bayan ɗaya, a gefen simintinsa.

Muka gaisa. Ya ce, "Ga tsiyar ƙanena na dawo miki da ita."



Ya ce ya tara ta a bakin gona jiya, ya kawo kara, ya ƙyasta ashana. Sai ya tuna Ladan, wato Malam, yana ɗan shekara bakwai, an ba shi fartanya ya yi noma, aka same shi ya zauna yana bin jijiyar kirikiri da yatsa yana son ganin inda ta ƙare. Babansu ya zane shi, shi Yaya ya ƙarasa masa noman kunyarsa. "Har ya mutu bai ga inda ta ƙare ba," ya ce. Sai ya juya yana gyara bakin buhu, ya daɗe yana gyarawa.

Ban san me ya shiga bakina ba. Na ce, "Yaya, ba rana ce ta kashe ta wurin rijiya ba. Ni ce, da farin taki."

Ya ce, "Na sani. Tun daga zaure na ga farin a ƙasa. Na ce Malama ce, ta fi ni karatu."

Na haɗiye. Na cancanta.

Na ce alkawarinmu fa? Ya ce yana nan, sha biyar ga wata, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. Sannan ya ce ba a dasa ta da igiya da layi kamar 'yan makaranta. A daddatsa, a watsa, a bi da ƙasa, a tattake. "Shekara arba'in ina yaƙi da ita, na san abin da take so."

Laraba, 22 ga Mayu

Matan nan bakwai sun dawo, da fartanyoyin nan dai. Luba ta kira gayya. Suka daddatsa, suka watsa, suka bi suna tattakawa da ƙafa suna waƙar daɓe. Ɗaya ta ce ita dai a rayuwarta ba ta taɓa cire ciyawa ta mayar da ita ba, Allah ya sa kada a ji a garinsu. Na dafa musu shinkafa da wake. A madafa.

Na aika wa Inna. Ba ta ce komai a kan littafi ba, ta kawo buhu biyu a kan jaki, ta marmasa da hannunta.

Alhamis, 30 ga Mayu

Ruwa sau uku a mako. Ta kama ko'ina, tsirin kamar gashin jariri. Jiji ɗari da huɗu yau. Wuƙar Luba ta fara lanƙwasa.

Laraba, 5 ga Yuni

Wani abu da ba na son rubutawa. Wurare uku sun fi ko'ina kauri da duhun kore, zagaye-zagaye, wajen bangon gabas. Inda aka kafa murhu. Toka ce. Littafin ma ya faɗa, shafi na saba'in, na duba har ƙarshen babin wannan karon.

Gefen rijiya, inda na yi aikina, har yanzu sanƙo. Abin da aka watsa a wurin ya ƙi.

Asabar, 8 ga Yuni

Yankan farko. Na jira raɓa ta bushe, na ɗaga wuƙaƙen zuwa rami na sama, kashi ɗaya cikin uku. Daga zaure zuwa madafa, a juyo, a ɗan hau kan layin baya. Hannun injin ya yi mini tsawo, an yi shi don mai tsayi. A layi na huɗu hannun ya fara girgiza, sai ga gurbin ƙusar nan a ƙasansa. Na ɗaure.

Warin ciyawar da aka yanka. Wannan ba shi cikin littafi, kuma ba zan yi maganarsa ba.

Na tara abin da ya zuba na aika wa ragon layyar Yaya Sha'aibu. Luba ta ce ya ce a tabbata babu jijiya a ciki.

Asabar, 15 ga Yuni

Na fita. Wanka, sabon zane, Fa'iza ta zo da yaranta ta sa mini kwalli da hannunta. Na mayar wa Luba wuƙarta, ta juya ta ta ce wannan ai ta zama lauje.

Bayan azahar Yaya Sha'aibu ya shigo har tsakar gida, hannu a baya, kamar mai duba makaranta. Ya bi bango-bango. Ni na riga na san hukuncin. Ba ta rufe ba. Akwai 'yan ramuka nan da can da za su cike kafin wata, amma sanƙon gefen rijiya faɗin tabarma uku ne, makaho ma zai gani. Alkawari kuwa cewa aka yi ta rufe.

Ya tsaya a kan sanƙon. Na ce, "Ba ta rufe ba, Yaya. Na sani." Gara in faɗa da bakina.

Ya buga ƙasar da dunduniya. Ya ce, "Nan za a zuba siminti."

Na ce to.

Ya ce, "Nan ɗin. Bakin rijiya dama bai kamata a bar shi da taɓo ba, Ladan ne da taurin kai. Buhu biyu ya isa. Sauran kuwa, Luba ta daɗe tana mini mitar wurin shanya."

Fa'iza ta ce, "Baffa, macizai fa?" Ya ce maciji ba ya zama inda ake aske wa ƙasa kai duk Asabar, ta tambayi uwarta.

Ban gode masa yadda ya kamata ba. Na ce a gaida gida.

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya Salla, yau suya. Gidan cike, 'ya'yan Fa'iza suna ta tuma a kan ciyawar, ƙaramar ta zubar da kunu. Luba ta tsaya da duwatsun murhu a hannu tana kallon madafa, wadda ba za ta ɗauki kasko uku ba. Na ce ta kafa a bangon gabas, inda suka kafa da. Ta ce, "Malama, lafiya?" Na ce toka nake so, kada ta ɗauka wani abu ne.

Za ta ƙone a wurin. Za ta dawo.

Sun watse bayan la'asar. Na bi na tsince ƙasusuwa da ledoji. Takalmina yana nutsewa yana barin shaida saboda ruwan shekaranjiya, shi ya sa na cire shi, ba don komai ba. Na je har zaure na dawo. Na sake zuwa.

Akwai sanyi, da ɗan ƙaiƙayi tsakanin yatsu. Malam bai taɓa gaya mini akwai sanyi haka ba.

Ko ya gaya mini.

Asabar yanka. A nemo man shafa wa ƙafar hagu ta injin, tana kuka.